Ƙamus ɗin Oxford na masu koyon Turanci: yadda na auna shi da kalmar roughen

Na daɗe ina ganin cewa ba a sanin ingancin ƙamus a manyan kalmomin da kowa yake nema, sai a ƙananan da mutum yake cin karo da su a jikin gwangwani ko a takardar bayanin kaya. Da irin wannan kalma na auna Oxford Advanced Learner's Dictionary, ƙamus ɗin da A. S. Hornby ya tsara domin waɗanda Turanci ba harshensu na gado ba ne, wanda kamfanin ɗab'i na Jami'ar Oxford ya fara bugawa a 1948, bugu na goma kuma ya fito a 2020. Kalmar ita ce roughen, wadda na gani a umarnin da ke jikin wani gam na haɗa katako.

Ma'anar da ƙamus ɗin ya bayar gajera ce kuma a fili take: a sa abu ya yi kaushi, ko kuma abu ya yi kaushi da kansa. Wannan rabuwa biyu tana da muhimmanci, domin tana nuna cewa aikatau ɗin yana iya ɗaukar karɓau, yana kuma iya tsayawa ba tare da shi ba, wato kafinta yana iya sa fuskar katako ta yi kaushi, fatar hannu kuma tana iya yin kaushi saboda sanyi ko yawan aiki. Mai jin Hausa ba zai sha wahala a nan ba, tun da muna da kausasa, wadda muka fi ji a wajen murya da harshe, kuma Turanci ma yana amfani da roughen ga muryar da hayaƙi ko ɓacin rai ya sa ta yi kaushi.

Abin da ya fi burge ni shi ne furuci. A shafin ƙamus ɗin na intanet ana iya sauraron kalmar da lafazin Ingila da na Amurka, kuma da jin ta mutum zai gane cewa haruffan gh a nan sautin f suke bayarwa, saɓanin though da through inda ba a furta su sam. Duk wanda ya koyi Turanci daga littafi kaɗai ya san irin tuntuɓen da waɗannan haruffa suke jawowa.

Inda nake ganin ƙamus ɗin bai ƙosar ba shi ne wajen amfani. Bayanin kalmar bai wuce 'yan layuka ba, alhali mafi yawan wuraren da za a gamu da ita wuraren aikin hannu ne. Mai fenti yana goge ƙarfe ko tsohon fenti da samfefa domin sabon ya kama, mai faci yana kankare robar taya kafin ya shafa gam, kuma dalilin duka ɗaya ne: fuska mai santsi ba ta riƙe gam, mai kaushi kuwa tana da ƙananan ramuka da suke ƙara faɗin wurin kamawa. Samfefa mai lamba 40 ko 60 ta fi kaushi, mai lamba 220 kuma ta gyaran ƙarshe ce, domin ƙaramar lamba tana nufin manyan ƙwayoyi. Misali ɗaya daga wannan fage zai sa ma'anar ta zauna a zuciyar ɗalibi.

Haka kuma, sai mai karatu ya lura da kansa cewa kalmar sifa ce, rough, aka liƙa mata ɗafa-ƙeyar en, kamar yadda soft ta zama soften, wide ta zama widen, sharp ta zama sharpen. Ina shawartar ɗalibi ya duba rough up a wurinta na daban, domin ita tana nufin lakaɗa wa mutum duka, kuma rikita su biyun babban kuskure ne. Ga mai neman ma'ana da furuci da nahawu cikin sauri, wannan ƙamus abin dogaro ne, amma mai fassara takardar umarnin aiki zai buƙaci ƙamus na sana'o'i a gefensa.