Sukuk na Gwamnatin Tarayya: ya dace da kuɗin ajiya, bai dace da jarin albasa ba

Duk lokacin da ofishin kula da basussuka na ƙasa, DMO, ya buɗe sayar da Sukuk, wato takardar zuba jari bisa tsarin Musulunci, abin da ake fara tambaya a Sakkwato shi ne ko halal ne. Majalisar masana da ke ba Babban Bankin Najeriya shawara kan harkokin kuɗi na Musulunci ta duba tsarin ta amince da shi. Ijara ce: a zuba kuɗinka a aikin hanya, irin ta Kano zuwa Maiduguri, gwamnati ta riƙa biyan ka haya sau biyu a shekara, idan wa'adi ya cika a maido maka da uwar kuɗi. Tambayar da aka fi mantawa da ita, wadda kuma ta fi jawo da-na-sani, ita ce wane kuɗi ya kamata a saka.

An fara shi a 2017 da naira biliyan 100, wa'adin shekara 7, haya kashi 16.47 cikin ɗari a shekara. Da naira 10,000 ana shiga, ƙari kuma dubu-dubu. Na 2025 ya zo da kashi 19.75, wato mai 500,000 zai riƙa ganin 49,375 duk wata shida. Ga ma'aikaci ko ɗan fansho, wannan ba laifi.

Sayen ba wuya: fom a banki ko wurin dillalin hannun jari, da BVN, da lambar asusu, da lambar CSCS, wato kamfanin ajiyar hannayen jari, inda za a ajiye maka shi. Sai dai kwanaki kaɗan ake bayarwa a rufe. Inda aka fi samun cikas shi ne sunan da ke kan BVN ya saɓa da na asusu, ko a ba da asusun da aka daina taɓawa, sai haya ta maƙale.

Babban raunin Sukuk shi ne hayar ba ta motsi. Wanda ya sayi na 2020 a kashi 11.2 yana nan a kai, alhali tsadar kaya ta haura kashi 30 a 2024. Yana karɓar kuɗi, amma buhun geron da kuɗin ke saya yana raguwa. Idan kuma ya matsu ya ce zai sayar kafin wa'adi, sai ya bi ta dillali, kuma babu mai sayen na 11.2 a cikakken farashi ga sabo mai ba da kusan 20. Dole ya karya farashi. Shi ya sa ɗan kasuwar Kara da ke jiran albasa ta faɗo a Goronyo ko Wurno ya saya ya ajiye, ko mai kiwon ragunan layya, bai kamata ya ɗaure jarinsa a nan ba. Ko mai albashi ma ya fara ware cefanen wata uku zuwa shida a gefe.

Kafin ka sa hannu, nemi shawarar dillali mai rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, ka kuma duba sunan kamfaninsa a jerin da hukumar ke fitarwa. Tambaye shi nawa ne ladansa, nawa za ka samu in ka sayar yau, kwana nawa kuɗin zai shigo. Wanda duk ya ce maka Sukuk nasa na ba da kashi 30 a wata, ka tuna damfarar MMM a 2016 da ta CBEX a 2025.

Batun zakkar kuɗin, kai wa malami ko Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha. Lambar CSCS da sunan dillali kuma a rubuta a ajiye inda iyali suka sani, don magada su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa.