Masaukin 'yan gudun hijira na Tempelhof: ya yi rana a makon farko, ya gaza a wata na shida

Filin jirgin saman Tempelhof da ke cikin birnin Berlin ya daina aiki a Oktoban 2008. Ginin na gwamnatin birnin ne, tsawonsa ya kai kilomita 1.2, yana da manyan rumfunan ajiye jirage guda 7 da ba a cika amfani da su ba sai jefi-jefi don baje koli. A 2015, shekarar da masu neman mafaka kusan 890,000 suka shiga Jamus, galibinsu daga Siriya, Afganistan da Iraki, aka buɗe rumfar farko a ƙarshen Oktoba. Ba a jima ba mazauna wurin suka haura 2,000.

A fannin sauri, wurin ya cancanci yabo. Babu neman fili, babu cinikin haya da mai gida, cikin 'yan kwanaki aka jera gadaje, mutane suka tsira daga kwanan waje a sanyin hunturu. Ga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a bakin ƙofa, don haka zuwa ofishin rajista ko asibiti bai zama aiki ba.

Matsalar tana cikin rumfar. Da farko tantuna aka kafa, daga baya aka yanka wurin da allunan baje koli zuwa ɗakuna masu faɗin murabba'in mita 25, kowane da gado mai hawa biyu guda 6, wato mutum 12. Lissafa ka gani: kowa ya tashi da kusan murabba'in mita 2, alhali mafi ƙarancin abin da ƙa'idar ayyukan jin ƙai ta Sphere ta gindaya shi ne 3.5, a ƙasar sanyi ma ya fi haka. Ɗakunan ba su da rufi, ƙofarsu kuma labule ne, saboda dokar kariya daga gobara. Rufin rumfar kansa yana can sama da mita 10, duk ƙarfe da siminti, don haka tarin mutum ɗaya ko kukan jariri sai ya zagaye wurin ya dawo. Fitila ma ba a hannunka take ba. Daga wuri ɗaya ake kunna ta da sassafe, a kashe da dare, ko kana jinya ko kana bitar darasin Jamusanci.

Ruwa ne ya fi tona asirin ginin. Don jirage aka yi shi, bututunsa ba su san da zaman dubban mutane ba. A makonnin farko bayan gida na tafi-da-gidanka aka ajiye a waje, wanka kuwa sai an kwashi mutane a bas zuwa wuraren ninƙaya na birni. Ma'aunin da aka saba shi ne bayan gida 1 ga mutum 20, kuma wannan lissafin ya kamata a fara yi kafin a ƙirga gadaje. Gyaran ma bai zo da sauƙi ba, domin ginin yana cikin kayan tarihi da doka ta kare, ba a huda bango ko fasa daɓe yadda aka ga dama.

An hana girki, sai abin da 'yan kwangila suka dafa, a kan lokacin da suka tsayar. Uwar da ta saba ɗora tukunya ta koma bin layi sau uku a rana. A layin abincin ne faɗa ya ɓarke a ƙarshen Nuwamban 2015, har sai da 'yan sanda suka shigo da yawa.

Duk wannan da sauƙi in zaman na mako biyu ne, kamar yadda aka tsara. Amma gidan haya ya yi wuya a Berlin, takardu kuma suna tafiyar hawainiya, wasu iyalai suka shafe fiye da shekara a bayan labule. Sai a Disamban 2017 aka kwashe na ƙarshe daga wannan masauki na gaggawa.

Abin da ya maye gurbinsa ya fi mutunci: ƙauyen kwantena a gefen filin, mai ɗaukar mutum kusan 1,000, inda kowane ɗaki biyu ke da madafa da banɗaki a tsakani. Sai dai ƙuri'ar raba gardama ta 2014 ta hana gini a filin, sassaucin da aka yi wa dokar a 2016 kuma na ɗan lokaci ne. An kashe kimanin Yuro miliyan 17, aka rufe shi a 2019, bai cika shekara biyu ba.

Da yaƙin Yukren ya sake cika birnin, an koma rumfuna ta 2 da ta 3 a ƙarshen 2022. A wannan karon kwantenoni aka jera a cikinsu, kowace da rufinta da ƙofarta.