Dark Souls Trilogy: na buga ukun a jere, ga hasashen da ya gamsar da ni da wanda bai gamsar ba

Wanda bai taɓa buga wasannin nan ba kuma yana da niyya, ya sani tun yanzu cewa zan tona abubuwa da dama na labarin, har da na ƙarshensa.

Dark Souls Trilogy ƙunshi ne da Bandai Namco ya fitar a 2018 don PlayStation 4 da Xbox One. A ciki akwai wasanni uku na kamfanin FromSoftware na Japan: na farko da ya fito a 2011, a sigar da aka yi wa kwaskwarima, sai na biyu na 2014 a sigar Scholar of the First Sin, sai na uku na 2016, kowanne haɗe da ƙarin babukan da a da sai an saya daban. Na PlayStation 4 na saya, na bi su ɗaya bayan ɗaya ban sa wani wasa a tsakani ba, kuma kuɗina bai tafi a banza ba. Kowa ya san su da wahala, wahalar kuma gaskiya ce. Amma abin da ya riƙe ni shi ne hasashen da masoya wasan suka yi shekaru suna ƙullawa tsakanin wannan wasa da wancan. Idan mutum ya buga su a jere, tun bai manta da abin da ya gani a na farko ba, zai iya auna kowane hasashe da idonsa.

Wasannin ba sa zaunar da kai su ba ka labari. Bayan ɗan gajeren fim na buɗewa, sauran tarihin duniyar a warwatse yake: layi uku a jikin zobe, layi biyu a jikin takobi, maganar wani da ka tarar zaune a lungu, wurin da aka ajiye wata gawa. Hidetaka Miyazaki, wanda ya jagoranci na farko da na uku, ya taɓa faɗa a hira cewa yana yaro yakan karanta littattafan da suka fi ƙarfin fahimtarsa, inda bai gane ba sai ya cike da tunaninsa. Haka ya gina wasan, ya bar gurabe da gangan. Saboda haka a wurina hasashe wani sashe ne na abin da aka sayar maka, kuma da shi ya kamata a auna ƙunshin.

Mafi shahara shi ne na Solaire. Jarumi ne mai fara'a da za ka haɗu da shi tun farkon wasa na ɗaya, tsaye yana kallon rana, ya ce maka ya zo ƙasar Lordran ne neman ranar kansa. Ba nisa da inda yake tsaye akwai wani mutum-mutumi da aka farfasa, ba abin da ya rage sai ƙafafu da ɓaraguzai. Can gaba kuma akwai zoben da ke ba da labarin ɗan fari na Gwyn, sarkin Lordran, ɗan da yake ubangijin yaƙi ne, wanda ya yi wautar da ta sa aka tuɓe shi aka shafe sunansa daga tarihi. Ga mutum mai son rana, mai jifa da mashin walƙiya irin na gidan Gwyn, ga shi kusa da gunkin da aka rushe. Biri ya yi kama da mutum, shi ya sa shekara biyar mutane da yawa suna ɗaukar Solaire a matsayin korarren ɗan sarki. Sai na uku ya zo da Nameless King, sarkin da ba shi da suna, a kan tsaunin Archdragon Peak, bisa wata halitta mai fukafukai cikin hadari, kuma bayanin kurwarsa ya ce ubangijin yaƙi ne mai kashe diragon wanda ya sadaukar da komai ya koma ɓangarensu. Magana ta ƙare.

Abin da buga su a jere ya nuna mini shi ne tun a wasa na ɗaya an ajiye hujjar da ke rushe hasashen. Ka buɗe bayanin sulken Solaire da garkuwarsa, za ka ga an nanata cewa kaya ne na kowa da kowa, ba wani sihiri a jikinsu, hoton ranar ma shi ya zana da hannunsa. Ƙarfinsa daga horo ya samo shi. Ni wannan Solaire ɗin ya fi taɓa zuciyata a kan ɗan sarki: mutum ne gama-gari da ya ɗauki wa kansa buri babba, wanda idan ba ka kai masa ɗauki ba zai ƙare a rusasshen garin Lost Izalith da wani ƙwaro mai haske maƙale a kansa, yana murna wai ya sami ranarsa. Duk da haka ba na raina masu tsohon hasashen. Su ne suka sa jama'a suka riƙa durƙusawa gaban ɓaraguzan nan suna duba makamin da ke cikinsu, kuma da sarkin ya bayyana da dogon makaminsa mai rabin mashi rabin takobi, nan take aka gane shi. Wanda ban ba shi muhimmanci ba shi ne mai cewa Solaire ne ya rikiɗa ya zama ƙatuwar tsutsar nan ta Smouldering Lake, don kawai tana fitar da walƙiya. Hujja ɗaya ba ta isa ba.

Na Ornstein, jarumin Gwyn mai kashe diragon, kuwa har yanzu ina juya shi a raina. Ka kashe shi a cocin Anor Londo a na farko, shi da abokin gadinsa Smough. A na biyu sai ga wani mai irin sulkensa na kan zaki da irin mashinsa, ana kiransa Old Dragonslayer, amma ƙarfin duhu yake amfani da shi maimakon walƙiya. A na uku kuma, bayan ka kayar da Nameless King, sai ka tsinci sulken a yashe a filin, da bayanin cewa mai shi ya bar cocin da ya daɗe yana gadi ya tafi neman sarkin da ba shi da suna. To wa ka kashe a na farko? Masu cewa siddabaru ne suna da madogara mai ƙarfi, domin Anor Londo gari ne na rufa-ido: gimbiya Gwynevere da ke kishingiɗe a ɗakinta ba ita ba ce, ka harbe ta da kibiya ɗaya ta ɓace, ranar garin ma ta faɗi. Masu musu kuma su ce ai ya bar kurwa a hannunka, har ka ƙera mashi da ita. Na fi karkata ga na farkon, sai dai ban rufe ƙofa ba, kuma irin hasashen da nake so ke nan, wanda kowane ɓangare zai iya nuna maka abu a cikin wasan.

Mutane da yawa suna ba da shawarar a tsallake na biyu. Ban yarda ba ko kaɗan. Ba Miyazaki ne ya jagorance shi ba, Tomohiro Shibuya da Yui Tanimura ne, kuma yana da aibobinsa, amma shi ya fi sauran iya ɓoye alaƙa. Kafin faɗa da Lost Sinner akwai ɗan fim na 'yan daƙiƙu: wata fursuna cikin duhu, hannaye a ɗaure, fuska cikin ƙarfe, sai wani ƙaramin ƙwaro ya rarrafo ya shige ta ramin ido. Wanda ya bar shekaru tsakanin wasannin biyu zai ɗauka ƙazantar kurkuku ce kawai. Ni da ban daɗe da fitowa daga Lost Izalith ba, tsigar jikina ta tashi, domin a can, bayan ka ratsa rassan Bed of Chaos, dodon nan mai siffar itace, abin da ka tarar a tsakiya ƙwaro ne ɗan mitsitsi, ragowar mayyar Izalith wadda ta yi ƙoƙarin ƙirƙiro irin wutar farko, wadda zamanin duniyar ya dogara a kanta, ta halaka. Laifin fursunar nan kuma an ce yunƙurin kunna wutar farko ne. Wasan bai tabbatar maka ba sai a zagaye na biyu, ko idan ka ƙona wani abu a wutar hutawa ka ƙara wa yankin wuya: a lokacin ne take sakin kurwar tsohuwar mayya, sauran manyan abokan gaba uku na wasan su ma kowanne ya saki kurwar da ke nuni ga Gwyn, ko Nito, ko Seath, manyan wasa na farko. Ka haɗa da Straid, matsafin da ke gaya maka dauloli da yawa sun tashi sun faɗi a wannan ƙasa, da fasassun guntayen wani babban kasko a ƙarƙashin gidan Majula masu kama da Lordvessel, kaskon da ake tara manyan kurwoyi a na farko, sai ka ga dalilin da ya sa ake cewa Drangleic, ƙasar wasa na biyu, a kan kufan Lordran aka gina ta.

A nan ne kuma na raba hanya da wasu masoya. A na biyun akwai lif da kake shiga a saman hasumiyar Earthen Peak, wadda ka gani daga waje ba komai a samanta sai sarari, ya yi sama da kai, ka fito a Iron Keep, fadar da ke nutse cikin tafkin narkakken dutse. An yi ta kare wannan da cewa la'anar da ke kan ɗan wasan tana cinye tunaninsa, don haka ya manta tafiyar da ya yi a tsakani. Ban karɓa ba. An san an sake fasalin wasan ana tsaka da aikinsa, kuma wannan ɗinki ne da ya fito fili. Idan duk kuskuren aiki za a mai da shi hikima, to an rage wa hikimar gaske daraja, irin ta ƙwaron can da aka sa da niyya.

Ta fuskar ƙunshin kansa: gyaran da aka yi wa na farko ya magance sarƙewar hoto da Blighttown ta yi ƙaurin suna da ita, yanzu yana tafiya sumul. Amma ba a taɓa rabinsa na biyu ba, Lost Izalith tana nan da alamun gaggawa, faɗan Bed of Chaos kuma haushi kawai yake ba mutum. Babban ƙorafina shi ne ba a tanadi wurin da mutum zai koma ya karanta maganganun da aka yi masa ba. Wasan da ya jingina labarinsa a kan jimla ɗaya da wani zai faɗa sau ɗaya ya kamata ya adana ta. Dole na ajiye littafin rubutu a gefe. Turancin ma tsoho ne da gangan, mai koyo zai sha wuya.

Na uku ya fi su daɗin sarrafawa, kuma shi ya fi biyan bashin tambayoyi. Hawa matakalar nan ka ga sunan Anor Londo ya bayyana a allo, ka tarar da gawar ƙaton maƙerin da ya yi maka aiki a na farko, ka shiga cocin da ka yi faɗa da Ornstein ka sami dodon Aldrich yana cin Gwyndolin, ɗan autan Gwyn, rabin jikinsa na sama yana reto, wannan sai wanda ya bi su a jere zai ji nauyinsa. Wani lokacin dai tunatarwar takan yi yawa, har ka ji ana jan hannunka ana nuna maka abin da da kanka za ka so ka gano.

Sai hasashen da ya tsallaka zuwa wasu wasannin kamfanin. A ƙarshen The Ringed City na 2017, ƙarin babi na ƙarshe a na uku, bayan ka kayar da Gael, abokin gaba na ƙarshe a babin, kana kai wa yarinya mai zane jinin baƙar kurwa, ita kuma ta ce za ta zana wuri mai sanyi da duhu da taushi, wanda wata rana zai zama gida ga wani. Wasu suka ce duniyar Bloodborne ce take zanawa, tunda jini ne ginshiƙin wancan wasa. Da Elden Ring ya fito a 2022 wasu suka koma kansa. Yana da daɗin ji, amma duk wanda ya taka titunan Yharnam, garin Bloodborne, ya san ba taushi a wurin. Takobin hasken wata da ake kafa hujja da shi tun King's Field na 1994 yake yawo a wasannin FromSoftware, sa hannun kamfani ne. Haka Patches, mai sanƙon nan da ke yaudararka ya hankaɗa ka rami, yana Demon's Souls, yana Bloodborne da jikin gizo-gizo, yana Elden Ring. Inda bayyanarsa ta zama labari na gaske a cikin ukun nan ne: a ƙarshen duniya ka haɗu da wani jarumi mai kirki, Lapp, wanda ya manta ko shi wane ne, ka taimaka masa ya dawo da tunaninsa, sai ya tsuguna irin tsugunon da ka sani, ya nuna maka wani abu a ƙasa, ya sa ƙafa ya tura ka. Wannan karon inda ka faɗa hanya ce ta ci gaba, kuma ya bar maka sulkensa.

Wadda aka bari a rufe har ƙarshe ita ce Velka, ubangijiyar zunubi. Ana ambatonta a na ɗaya da na uku, akwai kayan malamanta da mutane masu kan hankaka a duniyar zane ta Ariamis, akwai gunkinta a magudanar ruwan Undead Settlement inda ake neman yafiya, amma ba a taɓa nuna ta ba. An ce ita ce uwar Priscilla, rabin-diragon da ke zaune a duniyar zanen, an ce ita ta turo hankakar da ta ɗauko ka daga kurkuku a farkon tafiya. Ba wanda zai iya tabbatarwa, kuma ina ganin daidai suka yi da suka bar ta haka.

Wanda zai saya, ya fara daga na ɗaya, kada ya tsallake na biyu, ya kuma daure ya bar bidiyoyin bayani na YouTube, har da na VaatiVidya masu kyau, sai ya gama kowane wasa. Archdragon Peak a ɓoye yake, ana iya kammala na uku ba a san da shi ba: sai ka kayar da Oceiros, ka koyi zaman diragon a ɗakin da ke bayansa, sannan ka koma Irithyll Dungeon ka yi wannan zaman a inda wani mutum-diragon ya daskare yana fuskantar tsauni.