Goldberg na Bach: faifan wane makaɗi ya kamata ka fara saya?

Idan ka rubuta BWV 988, lambar wannan kiɗa a jerin ayyukan Bach, a manhajar sauraron kiɗa, jerin da zai fito maka sai ka gaji da jansa. Duk kiɗa ɗaya ne, wanda Johann Sebastian Bach ya rubuta aka buga a Nuremberg ta ƙasar Jamus a 1741, wanda duniya ta sani da Goldberg. Amma wani makaɗin ya gama shi cikin minti 39, wani sai da ya ci awa ɗaya da rabi. Takarda ɗaya suke kallo, babu wanda ya ƙara ko ya goge abin da Bach ya rubuta. To ina minti hamsin ɗin nan suka shiga? Amsar wannan ita ce abin da kake biyan kuɗi a kai, ko faifan CD ka saya ko rajistar wata-wata ka yi.

Sai ka san zubin kiɗan kafin ka shiga kasuwa. Yana buɗewa da wani ɗan take mai sanyi da ake kira Ariya, sai juyi talatin su biyo baya, sannan Ariyar ta dawo ta rufe. Guda 32 ke nan. Abin da Bach ke juyawa ba karin da kunne ya fi kamawa ba ne, zubin da hannun hagu ke bi ne a ƙasa, kamar maginin da ya ɗora gida talatin a kan harsashi iri ɗaya kuma babu gidan da ya yi kama da ɗan'uwansa. A juyi na 3, na 6, na 9, haka har na 27, murya ɗaya ce ke farawa, ta biyu ta biyo sawunta da abin da ta farkon ta faɗa, kuma tazarar sautin da ke tsakaninsu tana ƙaruwa mataki-mataki. Uku ne kaɗai daga cikin talatin ɗin suke da sautin jimami: na 15, na 21 da na 25.

Akwai labarin da ake yawan bugawa a bayan faifai, wai wani jakadan Rasha a Dresden, Keyserlingk, ba ya samun barci, shi ne ya sa aka rubuta masa kiɗan domin makaɗin gidansa Johann Gottlieb Goldberg ya riƙa kaɗa masa da dare. Johann Nikolaus Forkel, marubucin tarihin Bach, shi ne ya kawo labarin a 1802, shekara 52 bayan mutuwar Bach. Goldberg kuwa shekararsa 14 a lokacin da aka buga kiɗan, kuma babu sunan jakadan a bangon littafin kiɗan. Na kawo wannan ne don kada ka saya da niyyar maganin barci. Juyi na farko kaɗai ya isa ya tashe ka zaune.

Wani abu kuma: ba don fiyano Bach ya rubuta shi ba. Ya rubuta ne don hafsikod, kakan fiyano, wanda ake tsinkar tsirkiyarsa kamar yadda ake wa molo, mai hawa biyu na madannai. A kan hafsikod kowane hannu na iya zama a hawansa. A kan fiyano hawa ɗaya ne, don haka hannaye suna haye juna, yatsu suna rububin madanni ɗaya. Sai dai fiyano na da abin da kakansa ba shi da shi: ka danna a hankali ya yi raɗa, ka danna da ƙarfi ya yi tsawa. Nan ne makaɗi ke samun filin nuna kansa. Shi zai zaɓi muryar da zai ɗaga da wadda zai kwantar, shi zai zaɓi gudun da zai yi, tunda a yawancin juyin Bach bai faɗi saurin da yake so ba. Sannan kowane juyi rabi biyu ne, kuma kowane rabi yana da alamar a maimaita. Wanda ya bi alamar faifansa ya ninka tsawo, wanda ya tsallake ya gama da wuri. Mafi yawan minti hamsin ɗin can a nan suka maƙale.

Sunan da za a fara jefo maka shi ne Glenn Gould, ɗan Toronto ta Kanada. Sau biyu ya shiga ɗakin naɗar sauti da wannan kiɗa, duka a ɗakin kamfanin Columbia da ke titi na 30 a New York, kuma kamar mutum biyu ne daban.

Na farko a watan Yunin 1955, yana ɗan shekara 22. Bai maimaita ko rabi ɗaya ba, kuma gudu yake yi kamar wanda aka biyo. Ariyar ba ta kai minti biyu ba. Juyi na 5, inda hannaye ke tsallaka juna, kafin ka gyara zama ya wuce. Abin mamakin shi ne duk wannan gudun babu sautin da ya hau kan wani, kowane ɗaya a ware yake kamar tsakuwar da aka wanke. Wannan faifan ne ya mai da shi tauraro, ya kuma sa Goldberg ya zama abin da talaka mai na'urar faifai ke saye. Amma ka sani sautin na zamanin da ne, mai kafa ɗaya, kunnen dama da na hagu abu ɗaya suke ji, kuma fiyanon ya ɗan bushe.

Na biyu a 1981, bayan ya yi shekara 17 da daina hawa dandamali. Minti 51. Ariyar yanzu ta haura minti uku, yana taka ta kamar dattijon da ke ƙirga matakala. Ya maimaita wasu rabin, ya bar wasu, kuma ya ɗaure gudun kowane juyi da na gabansa yadda za ka ji bugun zuciya ɗaya ne ke ratsa duka. Faifan ya fito a watan Satumbar 1982, shi kuma ya mutu ranar 4 ga Oktoba, kwanaki kaɗan bayan ya cika hamsin. Mutane da yawa suna jin Ariyar ƙarshe kamar ban kwana. Ban ga laifinsu ba, ko da yake shi bai san ajali ya kusa ba.

Ga gargaɗin da mai sayarwa ba zai yi maka ba: Gould yana gunguni. Yana kaɗawa yana rera abin a maƙogwaro, kuma a faifan 1981 makirfo ya kama shi sosai. Ranar da na fara ji da iyafis, cikin dare, sai da na zare kunne ɗaya na leƙa tsakar gida, na zaci wani ne ke magana a bayan taga. Wasu sukan saba har su ji daɗinsa. Ƙanwata da na ba ta ta saurara ko minti biyar ba ta yi ba ta miƙo mini wayar. "Yaya, wannan bawan Allahn ciwon haƙori yake yi?" in ji ta. Ba ta sake karɓa ba. Idan ka san ƙaramin motsi yana ɗauke maka hankali, kada Gould ya zama sayenka na farko.

Ko da babu gungunin, ra'ayina shi ne bai kamata a fara da shi ba. Gould mai gardama ne. Kusan duk abin da ya yi martani ne ga yadda wasu ke kaɗawa, kuma ba ka jin daɗin gardama sai ka san abin da ake musu a kai. Wanda ya fara da shi yakan ɗauka haka Bach yake, daga baya ya ji kowa ya yi masa lami.

Wanda nake miƙa wa mai farawa shi ne Murray Perahia, Ba'amurke, faifan Sony na shekarar 2000, minti 73 da 'yan kai. A farkon shekarun 1990 ciwon babban yatsa ya raba shi da fiyano na tsawon lokaci, kuma a zaman jinyar ne ya duƙufa kan nazarin Bach. Ana jin hakan. Yana bin alamar maimaici, amma zagaye na biyu ba ya zama kwafin na farko. Ka saurari juyi na 13 a natse. A karon farko hannun dama ne ke jan zaren, siriri, mai lanƙwasa. Da ya dawo sai ka ji wata murya a tsakiya wadda ɗazu tana nan amma ba ka lura da ita ba, ya ɗan ɗaga ta kaɗan, kamar mai gida ya nuna maka baƙon da ke zaune a lungu tun shigowarka. Sautinsa mai ɗumi ne, fiyanon na waƙa, kuma juyin da asalinsu rawa ne suna da rawar a jikinsu. Masu sukarsa suna cewa ya cika ladabi, ba ya ba ka tsoro ko sau ɗaya. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma faifan da za ka ji sau ɗari ba shi ne wanda ya fi razana ka a ranar farko ba.

Kusa da shi akwai András Schiff, haifaffen Budapest. Shi ma biyu gare shi: na kamfanin Decca da ya naɗa a 1982, da na kamfanin ECM da aka ɗauka a gaban jama'a a Basel a 2001. Na biyun nake nufi. Schiff ya shahara da ƙin taka fedar da ke jan sauti idan yana kaɗa Bach, yatsu kaɗai yake sa wa su haɗa sautin, don haka komai a sarari yake. Yana da wasa, yana ƙara 'yan kwalliya a maimaici, kuma juyi na 30, inda Bach ya cusa waƙoƙin gargajiyar Jamusawa har da mai zancen kabeji, a hannunsa yakan fito da barkwancinsa. Idan kana son ka ji Bach mutum ne mai iyali da raha, nan za ka.

Cikin na baya-bayan nan, Víkingur Ólafsson ɗan ƙasar Aisland ya fitar da nasa a kamfanin Deutsche Grammophon a watan Oktoban 2023, ya shafe kakar wasa guda yana zagaya duniya da wannan kiɗa kaɗai, kuma faifan ya ci kyautar Grammy a 2025. Ta fuskar tsabtar sauti ya fi duk waɗanda na ambata, abin da ke da amfani idan a waya kake ji. Yatsunsa na da saurin Gould na ƙuruciya ba tare da gunguni ba, kuma yana bin maimaici. Abin da ya rage mini a kansa shi ne wani lokaci ƙyallin ya fi naman yawa. Lang Lang na ƙasar Sin ya fitar da nasa a 2020, har da wanda aka ɗauka a cocin Thomas da ke Leipzig inda kabarin Bach yake. Kusan awa ɗaya da rabi ne, sai an raba shi faifai biyu domin CD ɗaya bai wuce ɗaukar minti 80 ba. Yana jan wuraren sanyi har zaren ya kusa tsinkewa. Masoyansa su saya, ni dai ba na komawa gare shi.

Wanda ke son jin hafsikod ɗin kansa, wata makaɗiya mai suna Wanda Landowska ta naɗa a 1933, kuma ita ce ta laƙaba wa juyi na 25 sunan baƙin lu'ulu'u. Tarihi ne mai daraja, amma sautin tsoho ne ƙwarai, a bar shi sai kunne ya goge.

Kada ka ɗauki maganata kawai, gwajin ba shi da tsada. Ka zaɓi makaɗa biyu ko uku, ka ji abu uku a wurin kowanne: Ariya, juyi na 5, da juyi na 25. Ariya za ta gaya maka ko za ka iya zama da numfashin mutumin. Na 5 zai nuna ko gudunsa na da tsabta ko hayaniya ce. Na 25 shi ne alƙali. A nan kiɗan ke shiga duhu, sautuka suna zamewa rabin mataki rabin mataki kamar ƙafa a kan santsi, kuma makaɗin da ba shi da abin faɗa a nan ne asirinsa ke tonuwa. Ko Gould na 1955, mai gudun nan, da ya zo nan birki ya taka, ya ba shi fiye da minti shida cikin 39 ɗinsa. Idan ka ji hankalinka ya tafi kan abin da za a ci gobe tun kafin a kai rabi, wannan faifan ba naka ba ne, komai girman sunan da ke bangonsa.

Saura yadda za ka mallake shi. Idan manhaja ce, ka kashe abin da ke gauraya jerin waƙoƙi, domin guda 32 ɗin a jere aka gina su, kuma na 16 an yi shi ne ya buɗe rabi na biyu da ƙasaita bayan na 15 ya ƙare cikin jimami. Ka guji sigar kyauta mai talla. Na taɓa kaiwa ƙarshen na 25, ɗaki ya yi tsit, sai ga wani yana ihun tallar bashi a kunnena. Gara ka sauke shi gaba ɗaya lokacin da kake da data mai araha: faifan minti 75 a matsakaicin inganci bai wuce megabait 70 zuwa 80 ba, a inganci mai kyau kuma ya kusa 180. Lasifikar waya tana cinye hannun hagu, alhali a can harsashin yake, don haka kuɗin iyafis mai kyau ya fi kuɗin faifai na biyu amfani. Kuma ka nemi lokacin da janareton maƙwabta ya yi shiru, don wuraren raɗar Perahia ba sa iya gasa da shi.

Idan CD kake so kuma Gould ya riga ya shiga ranka, kada ka sayi biyun daban-daban. A 2002 Sony ta haɗa su a kunshi ɗaya mai suna A State of Wonder, kuma a ciki an ɗauko na 1981 daga kaset ɗin ajiya da aka naɗa a gefe, ba daga na'urar dijital ta farkon zamani ba, don haka sautinsa ya fi na tsohon bugun taushi. Ka duba bayan kwalin da kyau kafin ka biya, musamman idan na hannu ne: hoton saurayi mai sumar kai a lokuta da dama yana nufin 1955, amma shekarar da aka rubuta da tsawon mintocin su ne shaida. Ka ga 38 ko 39, saurayin ne. Ka ga 51, dattijon ne.