Gidan tarihin Cernuschi a Paris: ƙarami ne amma ya biya ni

Gaskiya ni babban Buddha ɗin nan da ake ta sa hotonsa a intanet shi ya kai ni, kuma ba laifi na gan shi, gunkin tagulla ne na ƙarni na 18 daga unguwar Meguro ta Tokyo, tsawonsa ya haura mita 4, yana zaune a babban ɗaki sai ka ɗaga kai sama kafin ka ga fuskarsa. Amma wallahi ba shi ya riƙe ni ba.

Wata 'yar tukunyar giya ce ta zamanin daular Shang ta ƙasar Sin, Faransawa suna ce mata La Tigresse, tsayinta bai kai kamu ɗaya ba amma ta haura shekara 3000. Siffar damisa ce ta tsuguna, ta buɗe baki ta rungume wani mutum, kansa na dab da haƙoranta, shi kuma gogan ko a jikinsa, ya ɗora ƙafafunsa kan nata kamar yaro a jikin uwarsa. Na fi minti 20 ina zagaya gilashin ina tambayar kaina wai cinye shi za ta yi ne ko kare shi take yi, ga jikinta ko ina zanen macizai da dodanni, ba inda aka bari fili. Tagullar ma ta koma kore-kore saboda daɗewa. Su waɗannan tukwane an yi su ne don miƙa abinci da abin sha ga kakanni, akwai masu ƙafa uku da ake kira ding, su ma na daɗe a gabansu.

Asali gidan wani ɗan banki ne haifaffen Milan, Henri Cernuschi, ya yi yawon Asiya daga 1871 zuwa 1873 ya dawo da kaya kusan 5000, da ya rasu a 1896 ya bar wa birnin Paris, aka buɗe a 1898.

Shiga kyauta ne fa, sai in akwai baje koli na musamman. Ranar Litinin a rufe yake. Ka sauka tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Monceau ko Villiers, yana jikin lambun Monceau. Awa ɗaya da rabi ta ishe ka, in kuma kayan Indiya ko Kambodiya kake nema to gidan tarihin Guimet na Paris za ka, nan Sin da Japan da Koriya da Biyetnam ne.