'Yan Dominika da 'yan Kenya a Amurka: wa ya fi samu, kuma me ya jawo?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya ce ya ji ana cewa 'yan Kenya mazauna Amurka sun fi 'yan Jamhuriyar Dominika rufin asiri, alhali ita Dominika ta fi Kenya arziki nesa ba kusa ba. Yana so ya san ko gaskiya ne, in kuma gaskiya ne, ko ƙwazo ne ya raba su.

Ɗan'uwa, abin da ka ji game da kuɗin shiga gaskiya ne. Batun ƙwazo kuwa ban yarda da shi ba, kuma shi ya sa na zauna na rubuta wannan da ɗan tsawo.

Mu fara da sanin ƙasashen. Jamhuriyar Dominika tana yankin Karebiyan, tsibiri ɗaya suka raba da Haiti, babban birninta Santo Domingo, harshenta Sifaniyanci. Kada a rikita ta da wani ƙaramin tsibiri mai suna Dominica, wannan daban ne. Mutanenta kusan miliyan 11 ne, kuma in aka raba abin da ƙasar ke samarwa a shekara, kowane mutum zai tashi da kusan dala 11,000. Kenya ta haura mutum miliyan 50, rabon kowa kuma kusan dala 2,000 ne. To amma a Amurka sai lissafin ya juya. Cibiyar Migration Policy Institute da ke Washington ta nuna cewa a 2019 matsakaicin gidan baƙon Dominika yana samun kusan dala 44,000 a shekara, lokacin da gidan haifaffen Amurka ke samun kusan 66,000, kuma kusan mutum ɗaya cikin biyar na 'yan Dominika yana cikin talauci bisa ma'aunin ƙasar. Rahoton da cibiyar ta fitar kan 'yan Kenya a 2015 ya sa matsakaicin gidansu a kan dala 61,000, lokacin da na ƙasar baki ɗaya yake 50,000. Shekarun ba ɗaya ba ne, don haka kada a haɗa lambobin kai tsaye. Abin lura shi ne ɗaya yana saman matsakaicin ƙasar, ɗaya yana ƙasa da shi sosai.

A ilimi ma haka. Kusan rabin manyan 'yan Kenya da ke can suna da digiri ko abin da ya fi shi. A 'yan Dominika da aka haifa a ƙasarsu ta asali, mai digiri bai wuce ɗaya cikin shida ba, kuma kusan kashi biyu cikin uku ba su jin Turanci sosai.

Amma kafin ka yanke hukunci, dubi yawansu. 'Yan Dominika da suka yi ƙaura zuwa Amurka sun haura miliyan ɗaya, in aka haɗa da 'ya'ya da jikoki sun wuce miliyan biyu. Wato daga ƙasa mai mutum miliyan 11, kusan mutum ɗaya cikin goma ya tashi. Haifaffun Kenya da ke Amurka kuwa ba su kai 200,000 ba, daga ƙasa mai mutum sama da miliyan 50. Ɗaya gari ne ya tashi da tsofaffinsa da masu goyonsa da manomansa, ɗaya kuma 'yan tsiraru ne da aka tankaɗe aka rairaye. Kamar ka ɗauki buhun gero daga masussuka ka gwada da mudu ɗaya da aka riga aka sheƙe aka tsince, sannan ka ce gonar mai mudun ta fi kyau.

Asalin bambancin yana ga ƙofar da kowa ya shigo ta. Mai mulkin kama-karya Rafael Trujillo ya riƙe Dominika daga 1930, kuma a zamaninsa samun fasfo sai wane da wane. Aka kashe shi a 1961, ƙasar ta rikice, a 1965 Amurka ta tura sojoji. A shekarun nan ofishin jakadancin Amurka ya buɗe hannu wajen ba da biza, don a rage zafin siyasa a tsibirin. A 1965 ɗin kuma Amurka ta yi sabuwar dokar shige da fice wadda ta fifita haɗa iyali. Daga nan aka shiga jan juna: miji ya ja mata, mata ta ja uwarta, uwa ta ja sauran 'ya'yanta. Da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe a shekarun 1980, sai ƙaurar ta ƙara ƙarfi. Har yau kusan duk ɗan Dominika da ya sami takardar zaman dindindin ta hanyar dangi ya same ta. Wannan ƙofar ba ta tambayar ko ka gama sakandare, ba ta tambayar ko ka iya Turanci. Abin da take so shi ne ka nuna dangantaka, ɗan'uwanka kuma ya sa hannu cewa zai ɗauki nauyinka. Ga kuma kusanci, daga Santo Domingo zuwa New York tafiyar da ba ta kai awa huɗu ba ce a jirgi.

Ƙofar Kenya kuwa tun farko ta makaranta ce. A 1959, shekara huɗu kafin samun 'yancin kai, ɗan siyasa Tom Mboya ya shirya jigilar ɗalibai zuwa jami'o'in Amurka, jirgin farko ya ɗauki 81. A 1960 gidauniyar iyalan Kennedy ta biya kuɗin jirgi, kuma cikin waɗanda suka tafi a shekarar akwai Wangari Maathai, wadda ta ci kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2004. Mahaifin Barack Obama ma a 1959 ya isa Hawaii karatu. Yawancin na farkon sun koma gida suka riƙe ma'aikatun sabuwar ƙasa. Da abubuwa suka taɓarɓare a zamanin shugaban Kenya Daniel arap Moi, sai ɗalibai suka riƙa tafiya ba su dawowa. Aka zo aka ƙara da cacar biza, wato ƙuri'ar samun takardar zaman dindindin, wadda dokar 1990 ta ƙirƙiro, kuma ita sharaɗinta shi ne ka gama sakandare ko kana da shekara biyu a sana'ar da ke buƙatar horo. 'Yan Dominika ba su cikin wannan caca saboda yawan waɗanda suke shigowa ta wasu hanyoyin, dalilin da ya sa aka cire Najeriya ma tun daga zagayen 2015. Wanda zai nemi gurbin jami'a a Amurka, ya nuna takardar banki, ya biya kuɗin jirgin awa goma sha biyar, ai tun a Nairobi ko Kisii ko Kiambu ba ya cikin talakawan ƙarshe. Kuma da Turanci ya yi makaranta tun firamare.

In kana so ka ga abin a kusa, dubi jihar Massachusetts. A bakin kogin Merrimack akwai tsofaffin garuruwan masaƙu guda biyu, Lawrence da Lowell, tsakaninsu tafiyar minti ashirin a mota. Lawrence gari ne na 'yan Dominika, Lowell kuma na cikin manyan matattarar 'yan Kenya. A garuruwan biyu za ka sami mata suna aiki iri ɗaya: wanke tsofaffi, canza musu shimfiɗa, ba su abinci a baki, juya su a gado don kada bayansu ya yi gyambo. Hannu ɗaya, gajiya ɗaya. Bambancin yana zuwa bayan shekara biyar ko shida. 'Yar Kenya takan fara da kwas na 'yan makonni ta zama mataimakiyar nas, tana dutin dare tana karatu da rana, ta hau matakin gaba, daga nan ta zauna jarrabawar zama cikakkiyar nas mai rajista. Jarrabawar da Turanci ake yin ta, littattafan da Turanci, kuma sai da takardar sakandare ake shiga kwas ɗin. 'Yar Dominika da ta bar makaranta tun tana yarinya a wani ƙauye na yankin Cibao sai ta fara koyon Turanci, ta nemi takardar da ke madadin sakandare, duk tana riƙe da yara da kuɗin haya. A 2023 matsakaicin albashin nas mai rajista a Amurka ya kai kusan dala 86,000 a shekara, na mai kula da tsoho a gida kuma kusan 33,000. Wannan tazarar kaɗai ta isa ta bayyana kaso mai yawa na lambobin da muka gani a sama, kuma babu malalaciya a cikin matan nan biyu.

Wurin zama ma ya yi tasiri. 'Yan Dominika sun taru a New York, musamman unguwar Washington Heights da Bronx, sai Paterson a New Jersey, Providence, da kudancin Florida. Sun sauka New York ne suka cika masana'antun ɗinki, daidai lokacin da masana'antun suka fara rufewa suna komawa ƙasashen da leburanci ya fi araha. Aikin ya tafi, tsadar haya ta zauna. 'Yan'uwanmu Hausawan Ghana da Nijar da ke zaune a Bronx maƙwabtansu ne, sun san abin da haya ke yi wa albashi a can. 'Yan Kenya kuwa sun bazu a Minneapolis, Dallas, Seattle, Atlanta da Maryland, inda asibitoci da gidajen kula da tsofaffi ke neman ma'aikata, kuma a wasu daga cikinsu mai albashin nas zai iya sayen gida. Binciken cibiyar nazarin al'ummar Dominika ta jami'ar birnin New York ya daɗe yana nuna wani abu kuma: gidaje da yawa mace ce kaɗai ke riƙe da su, kuma a nan talaucin ya fi tsanani.

Duk da haka, in ka tsaya kan albashi kawai za ka tauye 'yan Dominika. Kantunan kan kwana na New York da ake kira bodega, kaso mai yawa nasu ne. Haka shagunan gyaran gashi, kamfanonin tasi na unguwa, har da manyan kantunan abinci masu zaman kansu. Jarin yawanci daga adashe yake fitowa, su suna ce masa san, 'yan Kenya kuma chama. Mai kanti yakan buɗe tun asuba ya rufe tsakar dare, matarsa na kan kanta, ƙaninsa da ya sauka makon jiya yana jera kaya. Sabon zuwa ba ya kwana a titi, kuma yana iya samun aiki ba tare da ya iya Turanci ba. Wannan gata ne, amma yana da nasa cikas, don mutum na iya shekara ashirin a unguwar bai koyi harshen da zai fitar da shi daga ƙaramin albashi ba. A siyasa kuwa sun yi wa 'yan Kenya fintinkau. Fiye da rabinsu sun zama 'yan ƙasa. Adriano Espaillat, wanda ya taɓa zama ba takardu, ya ci kujerar majalisar wakilai ta tarayya a 2016. Sun yi magajin gari a Lawrence da Providence. 'Yan Kenya sai a 2024 suka sami Huldah Momanyi Hiltsley a majalisar jihar Minnesota.

A kuɗin da ake aikawa gida, Dominika na karɓar sama da dala biliyan 10 a shekara, mafi yawa daga Amurka. Kenya ta karɓi kusan biliyan 4.2 a 2023, fiye da rabi daga Amurka. In ka tuna yawan 'yan Kenya a can, za ka ga nauyin da ke wuyan kowane ɗaya: kuɗin makarantar ƙanne, asibitin iyaye, fili da gini a gida, gudunmawar kai gawa in wani ya rasu. Da yawa duti biyu suke yi a jere don su cika wannan, kuma ni ina ganin albashin da sai an yi awa goma sha shida a tsaye ake samunsa bai kamata a kira shi jin daɗi ba tare da an faɗi farashinsa ba. Akwai kuma waɗanda suka bar aikin banki ko koyarwa a Nairobi suka koma goge tsofaffi, da ɗaliban da kuɗin makaranta ya gagara, bizarsu ta mutu, suka shiga ɓuya. Sannan ba duk wanda aka rubuta haifaffen Kenya ne ya bi ta jami'a ba. Akwai 'ya'yan 'yan gudun hijirar Somaliya da Sudan ta Kudu da aka haifa a sansanonin Dadaab da Kakuma, waɗanda suka shigo ba su da komai, kuma halinsu ya fi kama da na sabon zuwa daga Dominika.

Gwajin da zai fi adalci shi ne na 'ya'yan da aka haifa a can, tunda su harshe ɗaya suke yi, tsarin makaranta ɗaya suka bi. 'Ya'yan 'yan Dominika sun riga sun wuce iyayensu da nisa a yawan masu digiri, musamman mata, suna koyarwa, suna aikin asibiti, suna aikin ɗan sanda da lauya, ko da yake har yanzu ba su kamo matsakaicin ƙasar ba. Na 'yan Kenya yawancinsu yanzu suke tasowa, saboda mafi yawan iyayen bayan shekarar 2000 suka shigo. Su ma yanzu iyayen sun fara zama 'yan ƙasa suna jan uwaye da ƙanne ta ƙofar dangi, wadda ba ta tambayar takardar makaranta, don haka ina sa ran alƙaluman 'yan Kenya za su ɗan sauko yayin da al'ummar ke ƙara yawa.