RTX 4060 ko RX 7600 XT, wanne ya fi sauƙi a aljihu bayan shekara huɗu?

Ɗan'uwa, ka ce kana tsakanin katunan hoto na kwamfuta guda biyu don wasan gem, RTX 4060 na NVIDIA da RX 7600 XT na AMD, kana son ka haɗa da monita mai 1440p, kuma ba ka son sake taɓa aljihu sai bayan shekara huɗu. To monitar nan ita ce za ta yanke hukunci.

Allon 1080p yana da ɗigon hoto kusan miliyan 2.07, na 1440p kuwa miliyan 3.69. Wato kati zai riƙa ɗaukar kaya kusan ninki biyu a kowane hoto, kuma ma'ajiyar katin, wadda ake aunawa da GB, ita ce ke fara cika. RTX 4060 ya fito a 2023 da 8GB a kan dala 299. RX 7600 XT ya zo a Janairun 2024 da 16GB a kan dala 329. Idan 8GB ta cika, wasa ba ya mutuwa, sai dai ya riƙa sarƙewa, bango da tufafin 'yan wasa su dusashe. Sabunta direba, wato manhajar da ke tafiyar da katin, ba ya gyara wannan, kuma ba a ƙara wa kati ma'ajiya yadda ake ƙara wa kwamfuta RAM. Maganinsa rage ingancin hoto ko sayen sabon kati, kuma nan ne asarar gaske take.

A wajen wuta kuwa NVIDIA ce da riba. RTX 4060 yana cin wat 115, RX 7600 XT wat 190. Bambancin wat 75 ne. Idan kana wasan awa huɗu kullum, yunit 110 ke nan a shekara, kusan 440 a shekara huɗu. Ka ninka da farashin yunit ɗin mitarka. Ga mai inbata lissafin ya fi zafi: batirin ruwa mai 12V da 200Ah, wanda ba a so a sauke shi ƙasa da rabi, yana ba da kimanin yunit 1.2 ne kawai, wat 75 na awa huɗu kuwa ya cinye rubu'insa. Kati mai cin wuta kuma ya fi zafi, fankarsa ta fi jan ƙurar hunturu, don haka a riƙa hure shi duk wata biyu zuwa uku.

Akwai kuma kati na uku, Arc B580 na Intel, mai 12GB, wanda ya fito a 2024 a kan dala 249; yana da arha, amma sai kwamfutarka tana da Resizable BAR, wani saiti da ke ba CPU damar isa ga dukkan ma'ajiyar katin kai tsaye, in ba haka ba ƙarfinsa zubewa yake.

Batun monita: kada ka biya kuɗin G-Sync na musamman, wato fasahar NVIDIA ta daidaita saurin allo da na kati don kada hoto ya tsage. Tun 2019 katunan NVIDIA ke aiki da allunan FreeSync, irin wannan fasahar ta AMD, ta wayar DisplayPort, saboda haka allo ɗaya zai bi ka ko ka sauya kamfani. A nau'in allo, OLED ya fi IPS kyan baƙi, ba musu, amma abin da ya daɗe a wuri guda, kamar layin ƙasan Windows, yana iya barin tabo na dindindin. Dell ta ba da garantin shekara uku da ya haɗa da wannan tabon a kan monitarta ta OLED, Alienware AW3423DW, sai dai garanti bai da amfani idan mayar da kayan sai an haura da shi ƙasar da aka saya. Tambayi mai shago wa zai karɓa kafin ka biya.

In 1440p ɗin ka nace, kuma wutarka ta mita ce, ɗauki RX 7600 XT da IPS mai FreeSync. In batir kake dogaro da shi, sauko 1080p ka ɗauki RTX 4060.